Gidanmu ne, amma sunan wani ne a takarda

Assalamu alaikum Malam Edita.

Bayan gaisuwa mai yawa da fatan kana lafiya kai da duk ma'aikatanka, dan Allah a ɗan sammin fili in amayar da abinda ya daɗe yana cina, domin na tabbata ba mu kaɗai bane a garin nan, akwai gidaje birjik a Tudun Wada da Rigasa da Unguwar Mu'azu da Kawo har da can ƙetaren gada da suke zaune a kan irin ramin da muka faɗa, sai dai masu su basu sani ba tukuna, kamar yadda mu ma muka yi sama da shekara 20 muna kwana muna tashi bamu san komai ba.

Mahaifinmu, Allah ya jiƙansa, ma'aikacin masaƙa ne a Kakuri tun lokacin da masaƙun Kaduna suke da rai, lokacin da in aka tashi shiftin rana zaka ga kekuna kamar fari a kan titi. Da guminsa ya gina gida a can ɓangaren kusa da wajen aiki, a nan aka haifi yawancinmu. Yana da wani aboki da suke shifti ɗaya, mutumin kudancin Kaduna ne, Kirista, shi kuma gidansa yana Tudun Wada. Abota ce ta gaske ba ta fatar baki ba, in Sallah ta zo har gida ake kai musu tuwo da nama, in Kirsimeti ta zo mu ma a kawo mana shinkafa da kaza da ranta mu yanka da kanmu. To duk wanda ya zauna a Kaduna ya san rikicin da ya faru a watan Fabrairun 2000, ba sai na tono ba, Allah kar ya maimaita mana. Bayan ƙura ta lafa kowa ya fara neman inda zai kwanta ya rufe ido, Musulmi suna tsallakowa arewacin kogi, Kirista suna komawa kudu, wasu suka sayar da gidajensu a wulaƙance, wasu kuma suka yi musaya. Baba da abokinsa musaya suka yi. Gidan abokin ya fi namu ɗaki biyu, sai Baba ya yi masa ciko, aka yago takarda daga littafin makarantar yayana aka rubuta layi bai fi goma ba, mutum biyu suka sa hannu a matsayin shaidu, mai unguwa ya buga hatimi. Dukkansu biyun suna da C of O, wato satifiket ɗin fili na gwamnati, abinda ba kowa ke da shi ba a wancan lokacin, sai wannan ya miƙa wa wannan nasa, wancan ma ya miƙo nasa, suka yi musabaha, shikenan magana ta ƙare. A kwana biyu aka gama kwashe kaya a motar a-kori-kura.

Ni dai bana ganin laifinsu. A wancan yanayin wa yake ta ofis? Rai ake nema. Abinda ke damuna shine shekarun da suka biyo baya, da aka samu lafiya aka samu natsuwa, babu wanda ya ce bari mu je mu gyara takarda. Baba ya sa satifiket ɗin a cikin leda, ya sa ledar a ƙasan adaka tare da takardun sallamarsa daga aiki, duk damina sai ya fito da ita ya duba ko gara ta taɓa, ya mayar. A wurinsa riƙe takardar shine mallaka.

Baba ya rasu a 2021, ya bar mata biyu da mu 'ya'ya 9, maza 4 mata 5. Kamar yadda aka saba a gidajenmu ba wanda ya yi zancen gado, kowa yana jin nauyi, wai kar ace ƙasar kabari bata bushe ba ana maganar dukiya. Muka yi shekara biyu a haka. Sai ƙaramar matar Baba tace ita zata koma Zariya wajen danginta, a bata kasonta na tumunin takaba ta kama sana'a, kuma gaskiyarta ne, haƙƙinta ne. Ƙannena mata biyu ma suna da buƙata. Gida ɗaya ba zai yanku kashi goma sha ba, sai aka tsaya a kan a sayar a raba kuɗi. Dillali ya kawo wani ɗan kasuwa, ya zagaya ya ga gida ya yaba, aka yi ciniki aka sallama, har yana cewa gobe zai kawo kafin alƙalami. Sai yace amma fa yana da lauya, a bashi fotokwafin satifiket ya je ya yi bincike a KADGIS, hukumar rajistar filaye ta jihar Kaduna, tukuna. Muka ce bismillah, ai mu bamu da abin ɓoyewa.

Bayan 'yan kwanaki lauyan ya zo har zaure, yaro ne ma ƙarami sa'an ƙanena, ya gaishe mu da ladabi sannan yace, wannan gidan a fayil ba sunan mahaifinku bane. Wallahi dariya muka yi. Yayana yace kai yaro, fita ka tambayi duk wanda ka gani a layin nan gidan waye wannan, har mai shayin bakin titi zai gaya maka. Lauya yace bai musa ba, amma shi da ya buɗe fayil bai ga mai shayi a ciki ba, sunan da ya gani shine na mutumin da gwamnati ta ba wa filin tun farko, kuma har yau a wurin hukuma shine mai gida, ba a taɓa shigar da wani ciniki ko musaya ba. Kawunmu da yake yana da ɗan karatu ya kawo maganar hauzi, yace ai a mazhabarmu ta Malikiyya in mutum ya shekara 10 a wuri yana gini yana rushewa, mai wurin yana gari yana gani bai ce uffan ba, to ba shi da bakin magana daga baya. Lauya yace haka ne Kawu, amma hauzi garkuwa ce da zaka kare kanka in wani ya kai ka gaban alƙali yana neman gidan, ba alƙalami bane da zai goge suna a rajistar gwamnati ya rubuta naka. Nan jikin kowa ya yi sanyi.

A ranar ne na fara sanin abinda ya kamata ace na sani tun ina saurayi, kuma shi nake so masu karatu su ji. Tun 1978, zamanin mulkin soja na Obasanjo, aka yi Dokar Amfani da Ƙasa wadda ta ɗauki duk ƙasar da ke cikin jiha ta damƙa a hannun gwamna a matsayin amana, kuma dokar tana nan daram har yau, an ma cusa ta a cikin kundin tsarin mulki na 1999 yadda gyara ta sai an sha wuya. Wato abinda kake da shi ba ƙasar bace kanta, izinin zama ne da amfani, galibi na shekara 99, shi ne C of O yake shaida. Wannan ma ba baƙon abu bane a Arewa, tun dokar ƙasa ta 1962 ta gwamnatin Jihar Arewa haka tsarin yake, hukuma ce ke riƙe da ƙasa. Inda gizo ke saƙar shine sashe na 22, wanda yace mai riƙe da irin wannan izini ba zai sayar ko ya jinginar ko ya miƙa wa wani ba sai da amincewar gwamna, sashe na 26 kuma yace duk cinikin da aka yi ba bisa dokar ba banza ne. Lauyan yace har Kotun Ƙoli ta taɓa rushe jinginar da wani banki ya karɓa a wata shari'a ta 1989 saboda rashin wannan amincewa, to in banki da tulin lauyoyinsa ya sha ƙasa, ina ga takardar da aka yago daga littafin ɗan makaranta? Yace takardar Baba bata zama shara ba, tana nuna an yi yarjejeniya kuma kuɗi ya shiga hannu, kotu zata iya dubawa, amma ba ita ce zata sa mai saye mai hankali ya zuba miliyoyinsa ba.

Mafita ɗaya ce, a nemo mai sunan ya sa hannu. Mai sunan kuwa ashe ya riga Baba rasuwa da kusan shekara 7, mu ko labari bamu samu ba, wannan ma abin kunya ne a kanmu, zumuncin da iyaye suka ƙulla mu muka bari kogi ya raba. Na je tsohon gidanmu na Kakuri, rabona da layin tun ina da gashi baƙi, na tarar 'yan haya ne a ciki, su ma ta hannun wani wakili suke biya. Sai da na yi sati uku ina yawo kafin wani tsohon abokin aikinsu Baba da yake gadi yanzu ya haɗa ni da babbar 'yar mamacin a Sabon Tasha. Ina tafe a Keke ina ta saƙe-saƙe, in suka ce gidan ubansu ne fa? Takarda sunansu, mu me muke da shi? Duk labaran da na taɓa ji na magada da suka tashi ciniki bayan iyaye sun mutu suka dinga dawo mini.

Malam Edita, tana buɗe ƙofa ta kira ni da sunan da rabon da in ji shi tun ina aji uku. Muka gaisa, na yi mata ta'aziyyar shekara da shekaru ita ma ta yi mini, da na faɗi abinda ya kawo ni sai ta ɗora hannu a ka tace ai mu ma ku muke nema. Ta shiga ɗaki ta fito da leda, wallahi irin ledar Baba sak, ta zaro satifiket, sai ga sunan mahaifina da hotonsa yana saurayi da ƙeya a aske. Ashe ita ma ta so ta kai takardar banki ta karɓi rance ta faɗaɗa shagonta, suka ce mata wannan ai gidan wani Malam ne ba na babanki ba. Gida biyu, iyali biyu, kowa yana riƙe da gidan da a takarda na ɗan uwansa ne, shekara 23.

Mu Allah ya rufa mana asiri mun faɗa hannun 'ya'yan halak. Amma ko da kowa ya yarda, aikin bai zo da sauƙi ba, kuma a nan ne nake so mutane su buɗe kunne. Matacce baya sa hannu, kuma ɗansa ma ba zai sa hannu a madadinsa haka kawai ba sai yana da takardar da ta bashi wannan iko. Mu sai da muka je kotun shari'ar Musulunci aka tabbatar da mutuwar Baba da adadin magada, aka kawo shaidu, aka tambayi ko akwai bashi ko wasiyya domin su ake fara fitarwa kafin a taɓa gado, wasiyyar ma bata wuce sulusi, sannan alƙali ya bamu takarda da sunan kowa da rabonsa da wanda muka wakilta ya sa hannu. Su kuma nasu ta Babbar Kotun jiha ya bi, sashen da ke kula da dukiyar mamata, suka nemi takardar izinin kula da gado tunda babansu bai bar wasiyya a rubuce ba, aka buga sanarwa aka jira ko wani zai fito yace bai yarda ba. Su biyar ne, ɗaya yana Jos ɗaya yana Legas ɗaya ma baya ƙasar, kowace takarda sai ta yi yawo kamar tsuntsu kafin ta dawo. Bayan nan lauya ya rubuta takardar miƙa mallaka guda biyu, tamu zuwa gare su, tasu zuwa gare mu, aka biya kuɗin hatimin gwamnati, aka shigar da neman amincewar gwamna. Sai ga wani abu da ko a mafarki bamu kawo ba, wato kuɗin ƙasa na shekara-shekara da duk mai C of O ya kamata ya dinga biya. Baba bai taɓa biya ba tunda ba sunansa bane, abokinsa bai biya ba tunda ya bar gidan, haka bashin ya dinga hawa kan juna shiru shiru a gidajen biyu. Kuma satifiket ɗin duka tsofaffi ne na zamanin ma'aikatar filaye, tunda aka kafa KADGIS da dokar 2015 a mulkin Malam Nasiru El-Rufa'i aka mayar da rajistar filaye cikin kwamfuta aka kira masu tsohuwar takarda su kawo a sabunta musu, mu muna jin sanarwar a rediyo muna cewa wannan ai na masu gidaje a Malali da Unguwar Rimi ne.

Ɗan kasuwar nan ya yi haƙuri wata huɗu sannan ya sayi wani gidan a Kinkinau, kuma ban ga laifinsa ba. Ƙaramar matar Baba ta tafi Zariya hannu rabbana, sai karo-karo muka yi mata. Abinda muka kashe a zirga-zirga da lauya da biyan bashin baya, da Baba da abokinsa sun yi tun suna raye, su biyu ne kawai zasu shiga ofis da ƙafarsu su sa hannu, ba kotu ba shaidu ba jiran wanda yake Legas. Hausawa suka ce ba a fafe gora ranar tafiya, mu dai ranar tafiyar muka fafe namu.

Da na zauna na yi tunani sai na ga ba jahilci ne kaɗai ke jawo mana wannan ba, kunya ce. Mu mutane ne da muke ganin in ka ce wa ɗan uwanka ko amininka a rubuta, kamar ka ce masa baka yarda da shi bane. Wa zai kalli wansa yace Yaya sa mini hannu? Wa zai je gaban mahaifinsa yana da rai yace Baba sunan wa ke kan takardar gidan nan, ai sai ace yana jiran mutuwarsa ne. Alhali ayar da ta fi kowace aya tsawo a Alƙur'ani, aya ta 282 a Suratul Baƙara, a kan rubuta bashi da kafa shaidu ta sauka, kuma an yi wa Sahabbai wannan umarni ne, mutanen da suka fi mu amana nesa ba kusa ba. Rabon gado kuwa Allah bai bar wa kowa ba, da kansa ya yanka a Suratun Nisa'i, mace tumuni in akwai 'ya'ya, rubu'i in babu, namiji rabon mata biyu. Mun iya wannan lissafin, malamanmu sun ƙware a kai, a zauna a zaure a raba a yi fatiha a watse. Abinda ba a gaya mana shine bayan fatihar akwai sauran aiki, wanda gida ya faɗo a rabonsa ya ɗauki takardar kotu ya je a mayar da sunansa. In bai yi ba shi ma ya mutu, 'ya'yansa zasu gaji gida da sunan kakansu, jikoki su gaji na kakan kaka, magada 9 su zama 40, a cikin 40 kuwa ba a rasa ɗaya da zai ce shi bai yarda ba.

Kuma mata su suka fi shan wuya a wannan sakaci. Sau nawa muka ji ance wa mace ke da kike gidan miji me zaki yi da ɗaki, bari yayyenki su riƙe miki? Riƙon nan ba a rubuce yake ba, shekara 15 ta wuce, yayan ya mutu, 'ya'yansa su tashi su ce su basu san wata Goggo tana da kaso a gidan ubansu ba. Ko a gidanmu sai da aka kai ruwa rana, wani ƙanena da ya gaji da jira ya tashi zai sayar wa wani bare da nasa kason, wai ɗakin da yake kwana da rabin tsakar gida, tun ba a raba ba. Kawu ne ya taka masa burki yace ko ka sayar 'yan uwanka suna da haƙƙin shuf'a, zasu mayar wa mai sayen kuɗinsa su karɓi kason tunda tarayya ake ba a yanka ba, kuma wane ɗaki ne naka a gidan da ko sunan ubanka babu a takardarsa? Ya yi fushi ya daina gaishe ni wata biyu, yanzu dai mun shirya.

Tunda abin nan ya same mu na zama kamar ɗan sandan takarda a majalisarmu, duk wanda yace zai sayi fili sai na ɓata masa rai da tambaya. Musamman filayen awon igiya da ake yankawa a bayan Rigasa tun da tashar jirgin ƙasa ta fara aiki a 2016 wuri ya yi daraja, da Rigachikun da Mando da ɓangaren Millennium City da Danbushiya. Mai gona ya kira masu igiya su yanka masa fuloti fuloti, ba titin kirki ba wurin makaranta ba hanyar ruwa, dillali yana ta yi maka kirari yana cewa Alhaji yau ne kawai gobe wani zai ɗauka, domin shi la'adarsa yake hange, in rigima ta tashi ko wayarsa ba zaka samu ba. A baka agirimen da hatimin mai unguwa ka tafi kana murna. Ni ban raina masu unguwa da dagatai ba, iyayenmu ne kuma su suka san gonar wane ta tsaya a bishiyar kaza, shaidarsu tana da amfani sosai, amma hatiminsu shaida ce cewa an yi ciniki a gabansu, ba ita ce mallakar da doka ta sani ba. Wani maƙwabcina ya sayi fuloti ya tafi tara kuɗin bulo, ya dawo bayan shekara biyu ya tarar wani ya kai gini linta, shi ma da agirimen ɗinsa, mai sayarwa ɗaya, shaidu ma kusan ɗaya. Wani kuma a ƙarƙashin babbar wayar wuta ya saya don ya ga araha, wani a bakin kogi inda duk Agusta ruwa ke kwana, irin wuraren da ba hukumar da zata baka takarda a kai ko ka shekara kana sintiri. Wanda ya sayi rariya ai ya san zata zubar da ruwa.

Abinda nake gaya musu ba wani abu bane mai wuya. Kafin ka bada ko sisi, karɓi lambar fayil ko kwafin takardar ka je KADGIS da kanka ko ka tura lauyanka, ba lauyan mai sayarwa ba, a duba sunan wa ke ciki, ko an jinginar da gidan a banki, ko gwamnati ta riga ta ware wurin don wani aiki, ko akwai bashin kuɗin ƙasa. Ka sa safiyo ya je ya auna ya tabbatar filin da aka nuna maka da yatsa shine wanda ke cikin zanen, domin ana nuna wa mutum fili a nan takarda kuma tana magana a kan wani can. In gidan gado ne kar ka yarda da babban ɗa shi kaɗai komai furfurarsa, ka ce a nuna maka takardar kotu, ka ƙirga magada, ka tabbatar matan sun sani kuma sun yarda, in akwai marayu ƙanana ka tambayi wa kotu ta naɗa ya tsaya musu. Ka biya ta banki yadda za a ga sawun kuɗin. In zaka yi gini ka nemi izinin KASUPDA, hukumar tsara birane ta jiha, kafin ka zuba fandisho, duk wanda ya ga jan fenti a bangon mutane lokacin aikin sabunta birni da aka fara a 2019 ya san ranar da mai takarda da mara takarda suke bambanta, domin sashe na 28 na Dokar Amfani da Ƙasa ya ba gwamna ikon karɓe wuri don amfanin jama'a, in aka zo maganar diyya kuma kowa da abinda zai iya nunawa ake magana. Kuma ko C of O ɗin ma lauyan ya gaya mana ba ƙarshen zance bane, in aka gano an same shi a kan filin da wani ya riga ya mallaka kotu tana iya soke shi, shi ya sa ake bin salsalar wuri tun daga mai gonar farko.

Ga hukuma kuma ina da roƙo. Talaka ba ƙin takarda yake ba, tsoron ofis yake da tsoron kuɗin da bai san iyakarsa ba, shi ya sa yake faɗawa hannun 'yan kamasho da ke tsaye a bakin geti suna cewa kawo in yi maka. A fassara fom-fom ɗin nan da Hausa, har da ajami in da hali, a manna farashin komai a bango da manyan baƙi, a dinga shiga rediyo ana bayani dalla-dalla ba sanarwar minti ɗaya ba. Sannan a dubi gidajen da aka yi musayarsu ko aka sayar cikin gaggawa a rikicin 2000 da na 2002 da ido na daban, a yi musu wani rangwame ko hanya ta musamman, domin waɗanda suka yi cinikin da shaidunsu suna ta ƙarewa, a shaidu biyun da suka sa hannu a takardar Baba ɗaya ne ya rage, shi ma sai an ɗaga murya yake ji. Malamanmu masu rabon gado da limaman Juma'a su ma dan Allah su ƙara wannan a cikin bayaninsu. Kai kuma Malam Edita, da zaka samo mana lauya ɗaya da malami ɗaya su dinga amsa tambayoyin filaye da gado a shafi guda ko sau biyu a wata, wallahi da ka taimaki jama'a, ni kaina ina da tambaya uku da na tanada.

Maganar da nake yi yanzu takardun gidajen biyu suna ciki ana aiki, an ce mu saurari kira. Mun fasa sayarwa ma, ni da yayana da ƙanwarmu ɗaya muna tara kuɗi mu fanshi kason sauran a hankali, kuma wannan karon duk wanda aka biya sai ya sa hannu a gaban lauya da shaidu, har Inna da bata rubutu ta dangwala yatsa tana mita wai mun mayar da ita baƙuwa a gidan mijinta. Ranar Sallar da ta wuce babbar 'yar abokin Baba ta zo da 'ya'yanta suka wuni, ta shiga ɗakin da aka haife ta ta daɗe a tsaye, yanzu ƙanena ne ke ajiye injin ɗinkinsa a ciki.

Na gode da fili. Allah ya ƙara wa jarida ɗaukaka.

Naka,
Wani mai karatu daga Tudun Wada, Kaduna